Renon 'ya'yan kifin ado a gida: me ke kashe su a makon farko?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman taimakon masana. Guppy ta haihu a tankin gilashi mai lita 60 da take ciki tare da wasu manya. Waɗanda na bari a ciki kullum raguwa suke, ko gawa ba a gani. Waɗanda na kwashe na zuba a kwalba kuma sai su kwanta a ƙasa su mutu ɗaya bayan ɗaya, alhali ana ba su abinci safe da yamma. Ina matsalar take?

Hajiya Mai Kifin Ado:
Wa alaikumus salam ƙanina. Matsala biyu ka haɗa, kowacce da maganinta. Na babban tanki cinye su ake yi, shi ya sa babu gawa. Guppy da molly da platy da swordtail haihuwa suke, ba ƙwai suke sakawa ba, kuma ba su san reno ba. Uwar da ta haife su ma tana juyowa ta haɗiye. Ɗan guppy ranar haihuwa tsawonsa milimita 6 ne zuwa 7, loma ɗaya ke nan.

Na kwalba kuwa ba yunwa ta kashe su ba, ruwa ne. Kwalba ba ta wuce lita ɗaya ko biyu ba, babu matata, babu iska, ga abinci ana zubawa yana ruɓewa a ƙasa. Ka nemi tankin reno na daban mai lita 20 zuwa 40. Ba dole sai na gilashi ba, robar ajiye kaya mai garai-garai wadda sabulu bai taɓa shiga ba ta wadatar. Kada ka zuba tsakuwa, a bar ƙasan fili yadda za ka ga kashi da ragowar abinci. Ka sa matatar soso da famfon iska, ka ɗaura ɗan makunnin rage iska a tiyon, ya zama kumfa na tashi a hankali, ba ruwan na tafarfasa ba. Ruwan farko kuma daga tankin uwar za ka ɗebo, tunda shi suka sani.

Malamin Ruwa:
Hajiya ta faɗi gaskiya, bari in ɗora a kan maganar soso. Kifi yana fitar da ammoniya, abincin da ya ruɓe shi ma yana fitarwa. Ammoniya guba ce, tana ƙona kunnuwan da kifi ke numfashi da su. Akwai bakteriya masu amfani da ke zama a jikin soso, wasu su mai da ammoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mai da naitirait naitiret, wanda ke da sauƙi sai in ya taru. Sabon soso daga shago ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Kafin su kafu ana ɗaukar mako 4 zuwa 6.

Hanyar yanke: tun uwa na da ciki a sa soson yana aiki a babban tanki na mako biyu ko uku, ranar haihuwa a ɗauke shi a kai tankin reno. Tunda kai haihuwar ta riga ta zo, ka ciro audugar ko soson matatar babban tankinka ka matse ƙazantarsa a kan sabon soson. Ruwan zai yi dauɗa na 'yan awoyi, kada ka damu, iri ka shuka. In kana da kayan gwajin ruwa, abin da ake nema shi ne ammoniya 0, naitirait 0, naitiret ƙasa da miligiram 20 a lita.

Kuma in an tashi wanke soso, a bokiti za a matse shi da ruwan da aka cire daga tankin. Ruwan famfo mai kilorin yana iya kashe bakteriyar.

Na Bakin Kasuwa:
Ni a ganina an tsawaita. Akwai ɗan akwatin haihuwa na roba da ake rataya a cikin babban tanki. A sa uwa a ciki, 'ya'ya su zurare ta tsagar ƙasa, ita ba ta iya kai musu. Ruwa ɗaya, zafi ɗaya, babu sayen wani famfo.

Hajiya Mai Kifin Ado:
Akwatin na da ranarsa, amma ba yadda ake amfani da shi ba. Cikin guppy kwana 21 ne zuwa 30, kuma yawancin mutane ba sa iya cinkar ranar. Sai a kulle uwa mako guda a wurin da ba ta iya juyawa, ta firgita, ta daina ci, wani lokaci ta zubar da cikin kafin ya isa, ka ga 'yan ƙwallaye rawaya da ba su gama zama kifi ba. In dole sai akwati, a jira alamomin kusa: cikin ya daina zama kewayayye ya yi kusurwa ta ƙasa, baƙin tabon da ke kusa da jela ya faɗaɗa, ta ware kanta tana laɓewa. A lokacin a sa ta, in kwana biyu suka wuce ba ta haihu ba a sake ta. Tana gamawa a cire ta.

'Ya'yan ma bai kamata su wuce mako ɗaya ko biyu a akwatin ba. Ruwan cikinsa ba ya gudana sosai, kashi na taruwa a ƙasa, girma ya tsaya.

Na Bakin Kasuwa:
Na yarda da batun kwana biyun, Hajiya. Amma wanda bai da halin tanki na biyu fa?

Mai Lambun Ruwa:
Sai ya cika saman tankin da tsiro. 'Ya'yan guppy da an haife su sama suke nufa, su shige cikin saiwa. Kainuwa ta dace da wannan aiki, saiwarta doguwa ce mai gashi-gashi, babban kifi ba ya iya kutsawa, kuma tana shan ammoniya da naitiret. A ƙasa a sa gansakukar Java ko dunƙulen zaren ulu na roba da aka tafasa. Ba duka za su tsira ba, amma masu wayo za su kai. A kuma ƙosar da manyan, mai yunwa ya fi farauta. In matatar tankin mai injin tsotso ce, a rufe bakinta da soso ko guntun gidan sauro wanda ba a sa wa magani ba, don tana zuƙe jarirai fiye da yadda ake zato.

Malamin Ruwa:
Kainuwar kududdufi ba a ɗauko ta a jefa a tanki kai tsaye. A cikin saiwarta 'ya'yan mazari ke ɓuya, kuma guda ɗaya yana iya ƙarar da jarirai a hankali ba tare da an gan shi ba. Akwai kuma wata 'yar halitta siririya mai hannuwa da ke manne wa gilashi, haidira, wadda ke harbin jariran kifaye masu saka ƙwai ta cinye. A wanke kainuwar, a ajiye ta a baho daban mako biyu, ana dubawa da tocila da daddare.

Sabon Shiga:
Na gode Malam, na gode Hajiya. To abincin fa? Wanda ake ba manyan nake marmashewa.

Mai Tarwaɗa:
Ga guppy hakan na yi, in dai ka niƙa shi ya zama gari sosai. Ka'idar ita ce ƙwayar abinci kada ta fi idon ɗan kifin girma. Ma'auni kuma: ka jiƙa bakin tsinken sakace ka dangwali garin, abin da ya manne ya ishi jarirai ashirin a ci ɗaya. Sau 4 zuwa 5 a rana, kaɗan-kaɗan. Safe da yamma ya yi nisa, cikinsu ƙarami ne, ba sa iya ajiya. Abin da bai ƙare a minti biyu ba ya yi yawa.

Amma in girma ake so, babu kamar atemiya, wata 'yar ƙaramar halittar ruwan gishiri mai kama da jatan lande. Ita ce muke ba jariran tarwaɗa a wurin ƙyanƙyasa, don haka masu sayar da kayan kiwon kifi suna da ƙwanta, ba sai an je shagon kifin ado ba. Ga yadda ake ƙyanƙyashe ta:

A sami gorar roba mai lita ɗaya da rabi, a yanke gindinta, a kifa ta bakin na ƙasa da murfinsa a rufe. A zuba ruwa lita 1 marar kilorin, da gishiri giram 25 zuwa 30, wato cokalin cin abinci ɗaya da rabi a shafe ko ɗan fiye. A ƙara ɗan bekin soda a bakin cokalin shayi. Ƙwan atemiya rubu'in cokalin shayi zuwa rabi. A zura tiyon iska har can cikin wuyan gorar, ba tare da dutsen kumfa ba, yadda ƙwan zai riƙa juyawa bai kwanta ba. Da zafin digiri 26 zuwa 28 da haske, cikin awa 18 zuwa 24 sun fashe. A sanyi yana kai awa 36.

Wajen kwasa ake ɓata aiki. A kashe iska, a haska tocila a wuyan gorar, a jira minti 5 zuwa 10. Ɓawo zai taso sama, ƙwan da bai fashe ba ya kwanta can ƙasa, 'ya'yan atemiya masu launin lemo su taru wurin haske suna tsalle. Su kaɗai za a zuƙo da tiyo ko sirinji, a tace a ƙyalle mai laushi, a ɗauraye da ruwa marar gishiri, sannan a ba kifi. Ɓawon ba ya narkewa, yana toshe hanjin jarirai. In sun ci za ka ga cikinsu ya cika ya koma ruwan lemo, wannan ita ce shaida. Kuma a ba su cikin awoyin farko, don atemiya na cinye abin gina jikin da ta fito da shi in ta jima. Shi ya sa ake ajiye gora biyu, a kunna ɗaya yau, ɗaya gobe.

Sabon Shiga:
Oga, kanwa za ta iya maye gurbin bekin soda?

Mai Tarwaɗa:
Bar ta. Ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, ga ƙasa a ciki. In ruwanku na rijiya ne mai nauyi, ko sodar ma ba ka buƙata. Ƙwan da ya rage kuma a ɗaure shi sosai a sa a firji, danshi da zafi ke kashe shi.

Na Bakin Kasuwa:
Atemiya tsada gare ta. Gwaiduwar ƙwai dafaffe fa? Tun da can da ita ake reno.

Malamin Ruwa:
Da ita ake reno, da ita kuma ake kashewa. Babu abincin da ke ɓata ruwa da sauri kamarta. Ta watsu ta zama farin hazo, bakteriya su hau kanta su shanye iskar ruwan, gari na wayewa a tarar da su a ƙasa. Ni ba na ba sabon hannu shawararta.

Hajiya Mai Kifin Ado:
Malam, a nan mun ɗan rabu. Laifin na hannun mai zubawa ne. A ɗauki gwaiduwa kamar ƙwayar gero biyu, a dama a cokalin ruwa, a ɗiga ɗigo 2 ko 3 da sirinji, sau ɗaya a rana, kuma a daidaita shi ya zama awa ɗaya kafin canjin ruwa. A haka tana rufa asiri ranar da atemiya ta ƙi fashewa. Abin da ba a yi shi ne mai da ita abincin kullum.

Malamin Ruwa:
Da sharaɗin canjin ruwa na biye da ita, ban ja ba.

Ɗan Betta:
Kada mai karatu ya ɗauki duk wannan ya kai wa masu saka ƙwai, lissafin ya bambanta. Ɗan guppy yana fitowa da iyo da ci. Ɗan betta ko na kifin zinariya yana fitowa da jakar gwaiduwa a cikinsa, da ita yake rayuwa kwana 2 zuwa 3. Duk abincin da aka zuba a wannan lokaci ruɓewa kawai zai yi. Sai an ga sun fara iyo a kwance da kansu ake fara ciyarwa.

A betta, namiji ke yin sheƙar kumfa a saman ruwa, shi ke tsince ƙwai da baki yana mayarwa. Ana gama barbara a cire macen, in ba haka ba zai ji mata ciwo. Ƙwai na fashewa cikin awa 24 zuwa 48 a digiri 27 zuwa 28. Za ka ga 'ya'yan na lilo a ƙarƙashin kumfa, jela ƙasa, wanda ya faɗo uban ya ɗauko shi. Zurfin ruwa kada ya wuce santimita 12 zuwa 15. Ranar da suka bazu suna iyo, aikin uban ya ƙare, a cire shi.

Bakinsu ya yi wa atemiya ƙanƙanta a kwanakin farko, sai infusoriya, ƙananan halittun ruwa da ido ke gani da ƙyar. Ana fara haɗa ta mako guda kafin barbara: kwalba, tsohon ruwan tanki, guntun ganyen latas ko kabeji da aka zuba wa tafasasshen ruwa, a ajiye kusa da taga. Kwana 2 zuwa 3 ruwan zai yi fari, wannan bakteriya ce, ba a ba kifi. Idan ya fara washewa, ka haska tocila ka ga farar ƙura na motsi da kanta, ta nuna. In wari ya yi yawa ta lalace, a zubar. Cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu, sau uku a rana, kwana 3 zuwa 5, daga nan a koma atemiya. Atemiya marar ɓawo da masu tarwaɗa ke saya a shirye guppy na cin ta in an jiƙa, amma 'ya'yan betta sun fi bin abin da ke motsi.

Abu na ƙarshe da ke kashe su da yawa: tsakanin mako na 3 da na 6 gaɓar da suke shaƙar iskar sama da ita ke fitowa. A rufe tankin da gilashi ko leda a bar ɗan ƙofa, iskar da ke saman ruwa ta kasance da ɗumi da danshi. Fanka ko iskar hunturu na bugun saman ruwa a wannan lokaci asara ce.

Sabon Shiga:
To canjin ruwan, ina tsoron kada in zuƙe su.

Malamin Ruwa:
Da siririn tiyon iska za ka yi, ba babba ba. Ka ɗaure bakinsa a jikin tsinken tsire don ka iya nuna shi inda kake so, ka bi ƙasan tankin kana tsince kashi. Ruwan ya zuba a farin bokiti, ka duba da tocila kafin ka zubar, wanda ya bi ka mai da shi da cokali. Kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a kullum, wato lita 3 zuwa 6 a tanki mai lita 30. Kaɗan kullum ya fi rabi sau ɗaya a mako, don jarirai ba sa jure canji na farat ɗaya.

Sabon ruwa a tanade shi tun jiya. Na famfo yana da kilorin: ko a ɗiga maganin cire shi, ko a bar shi a buɗe da iska awa 24 zuwa 48. In da kiloramin aka tace shi, wani sinadari ɗan'uwan kilorin, ajiya ba ta fitar da shi, sai magani. Na burtsatse ba shi da kilorin, amma yana fitowa da ƙarancin iskar shaƙa, wani kuma da ƙarfe, ka ga ya yi ja in ya kwana. Shi ma a buga masa iska kwana ɗaya, a tsiyaye na sama. A ajiye bokitin a ɗaki ɗaya da tankin don zafinsu ya zo ɗaya, bambanci kada ya wuce digiri 1 ko 2. Wajen mayarwa, sabuwar robar ƙarin ruwa ta kemis ta fi komai: a ɗora bokiti a sama, a murɗa makunninta, ruwa ya riƙa ɗiga.

Mai Tarwaɗa:
A taɓo batun wuta, don shi ne ciwon kowa a nan. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska: a digiri 20 kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 kusan 7 da rabi, alhali a zafin ne kifi da bakteriya suka fi buƙata, ammoniya ma ta fi guba. A watannin Maris zuwa Mayu ruwan ɗaki na haura 32. Akwai ƙaramin famfon iska mai USB da ke aiki da fawa bank, ya kamata duk mai jarirai ya mallaka. In babu, a rage abinci, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zubawa a hankali ta jikin bango. A nisanta tanki da taga da rana. Fanka a saman ruwa na sauke digiri 2 zuwa 3, ga guppy, ba betta ba. Ƙanƙara kai tsaye kuwa a'a.

Hajiya Mai Kifin Ado:
Hunturu kuma akasin haka. Abin da guppy ke so digiri 24 ne zuwa 28. Ƙaramin ruwa yana hucewa da asuba ya yi zafi da rana, wannan hawa da saukar ke kawo ciwon farin ɗigo. Hita mai wat 50 ta ishi lita 40. Inda wuta ba ta tsayawa, a naɗe tankin da bargo ko kwali, a ɗaga shi daga siminti, a sa gorar ruwan ɗumi a rufe tana yawo a ciki.

Sai abin da ba a cika faɗa ba: maganin sauro. Na feshi, da mai hayaƙi, da fiya-fiya, duk guba ne ga kifi, kuma famfon iska yana zuƙar iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. In jarirai suka mutu gaba ɗaya a dare guda, ruwa kuma garau, a fara tambayar wa ya yi feshi. Haka hannu mai sabulu ko man shafawa.

Ɗan Betta:
Alamomi a taƙaice. Suna sama suna haki: ƙarancin iska ko naitirait, a canza kashi 30 nan take a ƙara kumfa. Jela ta tsuke ta zama kamar allura: ruwa ya ɓaci, a ƙara yawan canji, ga guppy da molly a narka gishiri giram 1 a kowace lita. Ƙurar zinariya a jiki in an haska tocila: ciwon belbet ne, ya fi kama betta, a duhunta tankin a nemi maganinsa, kuma a yi hattara da masu sinadarin tagulla. Ciki a lotse ga abinci a ƙasa: ƙwayar ta fi bakinsu.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Yaushe zan mai da su wurin manya?

Hajiya Mai Kifin Ado:
Amin ƙanina. Ba da kwana ake aunawa ba, da bakin babban kifin da ke tankin. In sun fi ƙarfin bakinsa, kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, sun isa. Da abinci mai kyau mako 4 zuwa 6 ne. Kafin nan ka fara ware jinsi: namiji fiffikensa na ƙarƙashin ciki yana tsukewa ya zama tsinke, launi ya fara fito masa, mace nata a buɗe yake, ga baƙin tabo. Suna iya ɗaukar ciki tun suna wata biyu zuwa uku. Uwar kuma ka sa mata ido, tana ajiye maniyyi a jikinta, don haka ko ka cire namiji za ta sake haihuwa bayan kamar mako huɗu, har sau da dama. Ka bar soso ɗaya yana aiki a babban tanki tun yanzu.

Ranar mayarwa ka ciyar da manyan tukuna, ka sa ƙananan a roba da ruwansu, ka riƙa ƙara musu ruwan babban tankin kofi-kofi na rabin awa, sannan ka sake su da yamma bayan an kashe fitila.

Mai Lambun Ruwa:
In sun yi maka yawa ka kai wa masu shago ko ka raba a nan gidan. Kada a zuba a kwata ko rafi, guppy kifin nahiyar Amurka ta Kudu ne, in ya samu wuri yana yaɗuwa ya takura wa ƙananan kifayen da ya tarar.